Drakula: littafin Bram Stoker na 1897 da yadda ya zama dodon duniya

Dracula, wanda ake furtawa Drakula, ƙagaggen labari ne na ban tsoro da Bram Stoker, ɗan ƙasar Irlanda, ya rubuta da Ingilishi. Kamfanin Archibald Constable ne ya buga shi a Landan cikin watan Mayun 1897, da bango ruwan ɗorawa da jan rubutu, ana sayar da shi sule shida. Labari ne na wani basaraken yankin Transilvaniya wanda ya mutu shekaru aru-aru amma bai kwanta ba, yana rayuwa da jinin mutane, har ya sayi gida a Ingila don ya sami sabon wurin farauta. Wasu ƴan mutane ne suka gano shi, suka haɗa kai, suka bi shi har ƙasarsa suka kashe shi.

Littafin yana cikin nau'in adabin da Turawa ke kira gotik, wato labaran tsofaffin fadoji da kufai da kaburbura, da matattun da ba su barin masu rai su huta. Ana ɗaukar The Castle of Otranto na Horace Walpole, na 1764, a matsayin na farko, sai Frankenstein na Mary Shelley, na 1818, ya ɗaga darajar nau'in. Drakula ya zo a makare, amma ya fi su duka nisan tafiya: fina-finan da suka nuna shi sun haura 200. Sai dai yawancin abin da mutane suka sani game da shi, kama daga alkyabba mai dogon wuya zuwa mutuwa da hasken rana, babu shi cikin littafin. Daga baya aka riƙa ɗora masa, a dandalin wasan kwaikwayo, a kotu da gidajen sinima.

Marubucin

An haifi Abraham Stoker ranar 8 ga Nuwamban 1847 a Clontarf, kusa da Dablin. Har ya kai shekara bakwai yana kwance da ciwo, bai iya tafiya. Mahaifiyarsa Charlotte ta ga annobar kwalara da ta faɗa wa garin Sligo a 1832, kuma ta ba ɗanta labarinta, har da na waɗanda aka yi gaggawar binnewa da sauran numfashinsu. Yaron ya warke, ya zama ƙaton mutum gwanin motsa jiki a jami'ar Trinity, sannan ya shiga aikin gwamnati. Littafinsa na farko ma kan ayyukan magatakardan ƙananan kotuna ne. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne ga mai son fahimtar Drakula, domin labarin cike yake da takardun saye da sayarwa, rasiɗai da lokutan tashin jirgin ƙasa.

A 1878 ya auri Florence Balcombe, wadda marubuci Oscar Wilde ya taɓa nema, ya koma Landan ya zama manajan gidan wasan kwaikwayo na Lyceum, ƙarƙashin Henry Irving, ɗan wasan da ya fi kowa suna a Ingila a lokacin. Shekara 27 ya yi yana riƙe masa kuɗi da wasiƙu da tafiye-tafiye. A tsakanin wannan aiki ya rubuta Drakula. Rubutun shirinsa na farko yana ɗauke da watan Maris na 1890, wato shekara bakwai ya yi yana fama da shi.

Labarin

Labarin ya buɗe ranar 3 ga Mayu, da littafin tarihin yini na Jonathan Harker, wani matashin lauya daga garin Exeter. An aike shi Transilvaniya ya kammala wa wani basarake mai sarautar kont cinikin wani tsohon gida, Carfax, a gefen Landan. Mutanen garin Bistritz da suka ji inda za shi sai hankalinsu ya tashi, matar mai masauki ta rataya masa gicciye a wuya. A fadar, ya tarar da dogon tsoho mai farin gashin baki, sanye da baƙi daga sama har ƙasa, mai kaifin haƙora da warin baki, da gashi a tafin hannu. Mai gidan yana da ladabi, yana da ɗaki cike da littattafan Ingila, kuma babban burinsa shi ne ya iya Ingilishi yadda in ya shiga titunan Landan ba wanda zai ce baƙo ne.

Sannu a hankali Harker ya lura babu bara ko ɗaya a gidan: mai sarautar da kansa ke tuƙa keken doki, shi ke gyara gado. Bai taɓa ganin ya ci ko ya sha ba, madubi bai nuna shi, kuma wani dare ya hango shi yana sauka bangon fada, kai a ƙasa kamar ƙadangare. Ƙofofi duk a kulle. Wasu mata uku masu shan jini suka kusa gamawa da shi. Ya tsere da ƙyar, ya farfaɗo a wani asibiti a Budapest, inda budurwarsa Mina Murray ta same shi aka ɗaura musu aure.

Kafin nan Drakula ya riga ya kama hanya. Ya sa an loda akwatuna 50 cike da ƙasar fadarsa cikin jirgin ruwa mai suna Demeter daga tashar Varna, domin bai iya hutawa sai cikin ƙasar da ya fito. Matuƙan jirgin suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Cikin watan Agusta guguwa ta jefo jirgin tashar Whitby, a arewacin Ingila, gawar kyaftin ɗaure a jikin matuƙi, wani ƙaton kare ya yi tsalle ya fita ya ɓace.

A Whitby ne ya kama Lucy Westenra, ƙawar Mina, yarinyar da maza uku suka nemi aurenta a rana guda: likitan masu taɓin hankali John Seward, Ba'amurke ɗan Texas Quincey Morris, da ɗan sarauta Arthur Holmwood, wanda ta zaɓa. Lucy ta fara ramewa, jininta na ƙarewa, ga ƴan tabo biyu a wuya. Seward ya kira malaminsa, Farfesa Abraham Van Helsing na Amsterdam. Sau huɗu aka yi mata ƙarin jini, aka cika ɗakinta da furen tafarnuwa, mahaifiyarta ta kwashe shi don ta ga ɗakin ya cika wari. Lucy ta mutu. Ba a jima ba aka fara tsintar yara ƙanana da tabo a wuya kusa da maƙabartar da aka sa ta. Arthur ne da hannunsa ya kafa mata fiƙaƙƙen itace a zuciya, aka yanke kan, aka cika bakin da tafarnuwa.

Daga nan farauta ta juya. Mina ta tattara duk takardun da kowa ya rubuta, ta buga su da keken rubutu, ta jera su bisa kwanan wata, sai hoton maƙiyin ya fito. Mazan suka ce aikin ya fi ƙarfin mace, suka bar ta a gida, suka tafi neman akwatuna. A nan ne Drakula ya same ta, ta hanyar Renfield, wani majinyacin Seward mai cin ƙudaje da gizo-gizo wanda ya buɗe masa hanya. Ya sha jininta, ya tilasta mata shan nasa. Mazan suka lalata akwatuna 49 ta hanyar sa musu tsarkakken burodin cocin Katolika, ya gudu da na ƙarshe ta teku. Suka bi shi ta jirgin ƙasa, ta kogi da kan doki, Van Helsing na sa Mina barcin tsafi don ta faɗi abin da take ji daga inda yake. Gab da faɗuwar rana, a ƙofar fadarsa, suka cim ma akwatin. Harker ya yanke masa maƙogwaro, Morris ya soka masa wuƙa a zuciya, gawar ta zama ƙura. Morris ya mutu da raunin da ya samu, Mina ta kuɓuta.

Labarin da aka gina da takardu

Babu mai ba da labari guda cikin babi 27 na littafin. Tarin takardu ne: tarihin yini, wasiƙu, saƙonnin tangaraho, yankakkun labaran jarida, littafin kyaftin ɗin jirgi. Kowa na rubuta abin da ya gani ba tare da ya fahimce shi ba, mai karatu kuwa yana haɗa su tun kafin su haɗa, yana kallon hatsari na matsowa. A nan ƙarfin littafin yake. Drakula kansa bai rubuta komai na tarihinsa ba, kuma bayan babi huɗu na farko ba a cika ganinsa ba, sai dai sawunsa.

Masu farautar kuma mutanen zamaninsu ne. Harker na rubutu da gajeren rubutun sakatarori, yana ɗaukar hoto da Kodak. Seward na naɗar muryarsa a na'urar da Edison ya ƙirƙiro. Mina ta haddace lokutan jiragen ƙasa. Suna da bindigogin Winchester da kuɗin cin hanci ga ma'aikatan tashar ruwa. Amma duk wannan bai isa ba sai da aka haɗa da tafarnuwa da gicciye, kuma Van Helsing ya sha wahala kafin ya shawo kan Seward, ɗan boko, ya yarda da abin da idonsa ke gani. Wani abin lura: ƙarin jinin da aka yi wa Lucy daga maza huɗu, ba tare da gwaji ba, zai iya kashe ta shi kaɗai. Sai a 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini, shekara huɗu bayan fitowar littafin.

Littafin yana da rauninsa. Tsakiyarsa na da ja, mazan na yawan kuka da yi wa juna rantsuwa, kuma gurɓataccen Ingilishin da aka sa a bakin Van Helsing yana gajiyar da mai karatu. Amma babi huɗu na farko da labarin jirgin Demeter har yanzu suna tada tsikar jiki. A shafin ƙarshe, bayan shekara bakwai, Harker ya duba tarin takardun ya ga kusan babu na asali ko ɗaya, duk kwafi ne na keken rubutu, ba wanda zai karɓe su a matsayin hujja.

Inda masha-jini ya samo asali

Stoker bai ƙirƙiri masha-jini ba, wanda Faransanci da Ingilishi ke kira vampire. Kalmar ta shigo yammacin Turai daga Sabiya. A 1725, da kuma farkon shekarun 1730, jami'an daular Ostiriya sun aika da rahotanni daga ƙauyukan Kisiljevo da Medveđa, inda mutane suka tono gawawwaki suka soke su suka ƙona, bisa zargin su ke fitowa da dare suna kashe danginsu. Rahotannin sun bazu a jaridun Turai. Wani limamin Katolika Bafaranshe, Dom Augustin Calmet, ya tattara irinsu cikin littafi a 1746, Voltaire ya yi musu ba'a, sarauniya Mariya Tereza ta tura likitanta Gerard van Swieten ya bincika a 1755, sannan ta hana tonon kaburbura.

Abin da ƙauyawan suka gani yana da bayani. Gawa in ta fara ruɓa iska na kumbura ta, sai a ga kamar ta yi ƙiba. Ruwa mai kama da jini na fitowa ta baki da hanci. Fata na janyewa, farce da gemu su yi kamar sun ƙara tsawo. In aka soka mata itace, iskar da ke ciki ta fita da ƙara kamar nishi. In kuma cuta mai yaɗuwa ce, irin tarin fuka, ta kashe na farko, ƴan gidansa ne za su bi shi, sai a ce shi ke jan su. Har a Amurka an yi irin wannan tonon a jihar Rhode Island a 1892, kuma an sami yankakken labarin jarida kan lamarin cikin takardun Stoker.

Mai karatu Bahaushe zai iya tuna maye, amma akwai bambanci. Maye mutum ne mai rai da ake zargi da kama kurwa, masha-jinin Turai kuwa gawa ce da ta ƙi kwanciya. Inda suka haɗu shi ne lokacin da ake neman su: sa'ad da ciwo ya shiga gida aka rasa dalilinsa, aka fara duban wanda za a ɗora wa.

Masha-jinin ƙauye talaka ne, kumburarre, mai damun danginsa kawai. Adabi ne ya mai da shi basarake. John Polidori, likitan mawaƙi Byron, ya fitar da The Vampyre a 1819, labarin da ya samo tushe daga zaman da aka yi a bakin tafkin Jeneba a 1816, zaman da ya haifi Frankenstein. Sai Carmilla na Sheridan Le Fanu, shi ma ɗan Dablin, a 1872, inda mai shan jinin mace ce. Stoker ya gaji waɗannan, ya tsara dokokin da kusan kowa ya bi bayansa: masha-jini bai shiga gida sai an gayyace shi, ba shi da inuwa a madubi, yana rikiɗa ya zama jemage ko kyarkeci ko hazo, wanda ya kashe kuma ya zama irinsa. Jemagu masu shan jini na gaskiya iri uku ne kawai, duk a nahiyar Amurka, daga Meziko zuwa kudu, kuma masana sun raɗa wa wani sinadarin hana daskarewar jini da ke cikin miyansu suna drakulin.

Sunan, da Vlad mai tsire mutane

Stoker bai taɓa taka Transilvaniya ba. Daga littattafai ya san ta, musamman rubutun Emily Gerard na 1885 kan camfe-camfen yankin, inda ya tsinci kalmar nosferatu. Da farko sunan dodon nasa Wampyr. A hutun da ya yi a Whitby a 1890 ya ari wani littafin William Wilkinson na 1820 kan ƙasashen Walakiya da Moldaviya, ya ga an ambaci wani sarki Drakula da ya yaƙi Turkawa, da ɗan bayani a ƙasan shafi cewa sunan na nufin shaiɗan. Ya soke Wampyr ya sa Drakula. A garin ne kuma ya ji labarin wani jirgin Rasha, Dmitry, da ya yi karo a tashar a 1885. Sunan littafin kansa The Un-Dead ne, wato wanda bai mutu ba bai kuma rayu ba, har dab da bugawa.

Sarkin da Wilkinson ke nufi shi ne Vlad na Uku, wanda ya mulki Walakiya sau uku: 1448, daga 1456 zuwa 1462, da 1476. Mahaifinsa ya shiga wata ƙungiyar jarumai mai tambarin dodon maciji, aka laƙaba masa Dracul, ɗan kuma ya zama Drakula. Yana yaro an tsare shi jingina a hannun Turkawan Usmaniyya. Da ya hau mulki ya yi suna da tsire maƙiyansa a kan itace, kuma a 1462 rundunar Sarki Mehmed na Biyu, wanda ya ci Istambul, ta tarar da filin tsirarrun mutane a wajen birnin Târgoviște. Amma babu inda littafin Stoker ya ambaci sunan Vlad ko tsire mutane, kuma takardun shirinsa, da ke ajiye a gidan tarihi na Rosenbach a Filadelfiya, ba su nuna ya san wani abu mai yawa game da shi ba. Littafin In Search of Dracula na Raymond McNally da Radu Florescu, na 1972, shi ya ɗaure su wuri guda a idon duniya.

Tsoron da ke ƙarƙashinsa

Littafin ya fito wata guda kafin bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 60 kan gado, lokacin da daular Ingila ke tashen ƙarfinta. A farkon shekarar ne sojojinta suka ƙona birnin Benin, dakarun kamfanin Royal Niger kuma suka ci Bida da Ilori. Manazarta da dama, musamman Stephen Arata a 1990, sun karanta Drakula a matsayin wannan tsoro da ya juyo: ƙasar da ke shiga ƙasashen wasu ta yi mafarkin baƙo ya shigo tata, ya koyi harshenta, ya sayi fili ta hannun lauya, ya mai da matanta irinsa. A shekarun ne kuma baƙi daga gabashin Turai, yawancinsu Yahudawa, ke cika unguwannin gabashin Landan, ana ta surutu a kansu har aka yi dokar taƙaita shigowar baƙi a 1905.

Wasu sun fi ganin tsoron cuta, musamman tunjere, mai bin jini da shimfiɗa, wadda ba ta da magani a lokacin. Wasu kuma batun mata suka duba: Lucy mai son a so ta an hukunta ta da mummunan kisa, Mina mai aiki da biyayya an cece ta, alhali ita ce ta fi mazan duka kai. Stoker bai bar wani bayani da ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Daga kotu zuwa sinima

Littafin ya sami yabo daidai gwargwado, Arthur Conan Doyle ma ya aika masa wasiƙar jinjina, amma bai sa shi arziki ba. Irving ya ƙi fitowa a matsayin Drakula. Bayan mutuwar Irving a 1905 lafiyar Stoker da aljihunsa suka ja baya, har ya nemi tallafin asusun marubuta a 1911. Ya rasu ranar 20 ga Afrilun 1912, kwana biyar bayan nutsewar jirgin Titanic, kuma jaridun da suka yi ta'aziyyarsa sun fi tuna shi da hidimar Irving. A 1913 matarsa ta sayar da takardun shirin littafin a kan fam biyu da ƴan sulalla.

A 1922 wani ƙaramin kamfanin Jamus, Prana, ya fitar da fim ɗin Nosferatu na F. W. Murnau ba tare da izini ba. An canza sunaye, Drakula ya koma Orlok, mai sanƙo da haƙoran ɓera, wanda ya shigo gari da ɓeraye da annoba. Florence Stoker ta kai ƙara, ta yi nasara a 1925, kotu ta ce a lalata duk kwafin fim ɗin. Wasu sun tsira, kuma yau ana lissafa shi cikin manyan fina-finan farko na duniya. Shi ne ya kawo mutuwar masha-jini da fitowar rana. A littafin, Drakula na yawo a titin Piccadilly da tsakar rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa.

Wanda Florence ta ba izini shi ne Hamilton Deane, wanda ya mai da labarin wasan dandali a 1924. Tunda a dandali dole dodon ya shiga falo ya gaisa da mutane, sai aka sa masa kwat ta zuwa biki da alkyabba mai dogon wuya, wadda ke rufe kan ɗan wasa lokacin da zai sulale ta ƙofar ƙasa. A New York, a 1927, Bela Lugosi ɗan Hangari ya hau matsayin, sannan ya maimaita shi a fim ɗin kamfanin Universal na 1931 wanda Tod Browning ya shirya. Kwantaccen gashi, tsayayyen kallo da nauyin harshen Lugosi su suka zama Drakula ga duniya. Matsayin ya ɗaure shi har ƙarshen rayuwarsa, da alkyabbar ma aka binne shi a 1956. A 1958 kamfanin Hammer na Ingila ya kawo launi, jan jini da dogayen fiƙoƙi, tare da Christopher Lee, wanda ya fito a fina-finan Drakula bakwai na kamfanin. Francis Ford Coppola, a 1992, ya mai da shi masoyin da ke neman matarsa da ta mutu, abin da babu ko alamarsa a wajen Stoker. Werner Herzog a 1979 da Robert Eggers a 2024 sun sake yin Nosferatu.

Labarin bai tsaya a Turai da Amurka ba. An fassara shi zuwa Faransanci a 1920. A Turkiyya, Ali Rıza Seyfi ya sake rubuta shi a 1928, ya kawo dodon Istambul, ya jaddada cewa shi ne tsohon maƙiyin Turkawa mai tsire mutane, ya kuma maye gurbin gicciye da ƙaramin littafin ayoyin Alƙur'ani. Daga nan aka yi fim ɗin Drakula İstanbul'da a 1953, wanda ya riga Hammer nuna fiƙoƙi. Pakistan ta yi Zinda Laash a 1967, Indiya ta yi Bandh Darwaza a 1990. A Amurka, Blacula na 1972 ya ba da labarin wani yariman Afirka da ya je neman taimakon Drakula kan hana cinikin bayi, aka cije shi aka kulle cikin akwati. Tun 1962 littafin ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka a Ingila, kowa na iya ɗauka ya yi yadda ya so, shi ya sa ake samunsa a zanen yara, wasannin kwamfuta irin Castlevania da tallace-tallace. Littattafan Anne Rice da jerin Twilight duk jikokinsa ne, ko da yake masha-jininsu ya zama abin tausayi ko abin so.

Rumaniya da baƙon da ba ta gayyata ba

A 1897 Transilvaniya na ƙarƙashin Hangari, sai a 1918 ta haɗe da Rumaniya. Ga Rumaniyawa da yawa Vlad gwarzo ne mai tsanani da ya tsare ƙasa daga mamaya, kuma gwamnatin Nicolae Ceaușescu ta fitar da kan sarki da hotonsa a 1976, cikar shekara 500 da mutuwarsa. A zamanin gwamnatin ba a buga littafin Stoker a ƙasar ba, sai 1990, bayan faɗuwarta. Amma tun shekarun 1970 masu yawon buɗe ido ke zuwa suna tambayar inda fadar Drakula take, fadar da ba ta taɓa wanzuwa ba sai a kan takarda.

Aka nuna musu fadar Bran, kusa da birnin Brașov, don tana kan dutse kuma tana da hasumiyoyi. Stoker bai ambace ta ba, Vlad bai mallake ta ba, kuma wadda aka fi sani da zama cikinta ita ce Sarauniya Mariya ta Rumaniya, wadda aka ba kyautarta a 1920. Duk da haka dubban ɗaruruwan mutane ke ziyartarta kowace shekara, kasuwar da ke gindinta cike da fiƙoƙin roba da kofuna masu hoton Vlad. A 2001 gwamnati ta sanar da shirin gina wurin shaƙatawa na Drakula kusa da Sighișoara, garin da ake cewa a nan aka haifi Vlad, wanda ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Hukumar ta nuna damuwa, masu kare muhalli da limaman coci suka yi ca, Yarima Charles na Ingila ma ya sa baki. Aka ce za a mai da shirin kusa da Bukares, daga baya aka watsar da shi.